JIRGIN ƘASA MAI KWAL: BEGEN DA AKE YI MASA DA BASHIN DA YA BARI

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya, a Manga ta ƙasar Zuru



Lokacin da Sakataren Ƙungiya ya sanar da ni cewa ni aka ɗora wa nauyin yin jawabi bana, na kuma shaida masa kan maganar da na zaɓa, sai ya yi dariya ya ce, to me ya haɗa kifi da kaska? Yana da gaskiya. Ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na titin jirgi a ƙasar Zuru ba, ni kuma da nake tsaye gabanku an haife ni ne bayan an daɗe da kashe wutar jirgin kwal na ƙarshe a Nijeriya. Amma ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin jirgin da bai zo mana ba ya ɗauki mutanenmu, ya kuma taɓa ƙasarmu ta hanyoyin da ba mu cika lura da su ba.

Ni dai a bakin kakana, Allah ya jiƙansa, na fara jin labarin jirgi. Yana cikin samarin ƙasar nan da suka shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su Bama. Daga nan gida suka bi ta Kwantagora har Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, a can ya fara ganin abin da idonsa. Yakan ce kafin ka ga jirgi sai ka ga hayaƙinsa ya tokare sama, sa'an nan ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Yana da wani tsohon bargon soja da ya hana kowa taɓawa, mai wasu 'yan ramuka uku a gefe guda. Mu yara muna zaton harsashi ne, muna ta yi wa abokanmu alfahari da shi. Sai da na yi wayo ya gaya mini gaskiya: tartsatsin kwal ne ya shigo ta tagar tarago da dare a hanyar Ikko, ya ƙona bargon yana barci. In ya zo nan a labarin sai ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya yi shiru, ya shiga lissafa sunayen waɗanda suka hau jirgin nan tare da shi amma ba su sauko tare da shi ba da aka dawo.

Bari in ɗan koma tarihi a gurguje, saboda ƙannenmu. A Ingila aka fara jan taragon jama'a da injin tururi a shekarar 1825, tsakanin Stockton da Darlington, wato a 2025 aka cika shekara 200 cif. A nan Nijeriya an fara aikin titin jirgi daga Ikko, ya isa Ibadan a 1901. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jirgin farko na Arewa ba a Kano ko Kaduna ya fara gudu ba, a maƙwabtanmu ne. Gwamna Lugga, da ya zaɓi Zungeru ta zama hedkwatarsa, ya sa an shimfiɗa wani ɗan siririn titi a 1901 daga wajen Wushishi, a bakin kogin Kaduna, don ɗauko kayan da jiragen ruwa suka kawo. Bayansa Gwamna Girouard, wanda shi dama injiniyan titin jirgi ne, ya fara babban aikin Baro zuwa Kano a 1907, tsawon mil 350 da 'yan kai, titin ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Ikko a Minna. Reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai a 1964. Ku dubi taswira, za ku ga titi ya wuce ta kudu maso gabashinmu, wani ya wuce ta arewa maso gabas, mu aka bar mu a tsakiya.

To, yaya abin yake aiki? Duk wanda ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa in ruwan tuwo ya tafasa, ya ga asalin hikimar. Kan jirgin kwal ba kome ba ne illa wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe kwance a kan ƙafafu, da murhu a bayanta. Ana zuba kwal a murhun, zafin wuta ya bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwan tukunyar, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Tururin nan, da yake an toshe shi ba shi da mafita, sai a sake shi cikin wata silinda ya tura fistan gaba da baya, fistan ya tura dogayen sandunan ƙarfe, su kuma su juya ƙafafun. Tururin da ya gama aiki a fitar da shi ta bututun hayaƙi, garin fita ya zuƙo iska ta cikin murhu wuta ta ƙara ruruwa. Wannan fitar ita ce ƙarar nan ta cuku-cuku da yara ke kwaikwaya har yau, alhali ba su taɓa jin ta ba.

Mutum biyu ke cikin kan jirgin, direba da mai ba da wuta, wanda ma'aikatan reluwe ke kira fayaman. Aikin fayaman shi ne ya yini yana ɗibar kwal da shebur yana watsawa cikin murhu, tan bayan tan, jirgi na jijjiga, wuta na gasa fuskarsa, ko da a tsakiyar watan Afrilu ne. Kada mu da muka fito ƙasar da ake yin golmo shekara bakwai mu ɗauka mu kaɗai muka san wahala. In kuma kan jirgi ya huce, sai an yi awoyi ana hura wuta kafin ya motsa, don haka akwai waɗanda aikinsu ke nan su kwana suna gadin wuta, da masu kwashe toka, da masu wanke tukunya.

Ba abin mamaki ba ne da tsofaffi ke begensa. Inji ne mai numfashi, kana ganin gaɓoɓinsa suna motsi a fili, yana ci yana sha kamar dabba. Har sunaye ake raɗa musu; akwai wani jerin kawunan jirgi da aka fara kawowa daga Ingila a 1948 waɗanda aka sa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Tasha kuwa kasuwa ce, kuma agogo ce. Garuruwa irin su Kaduna da Minna da Kafanchan da Funtuwa a gindin jirgi suka girma, sabon garin Kano da na Zariya ma haka. Talaka da buhunsa da akuyarsa yana iya tashi daga Gusau ya sauka Ikko da kuɗi kaɗan. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, a lokacin da yawan jama'ar ƙasar bai kai sulusin na yau ba. Shekara goma bayan nan fasinjojin sun koma miliyan 4 da 'yan kai, daga nan abin ya ci gaba da zamewa. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ganina, yawancin abin da iyayenmu ke bege shi ne zamanin da za a ce jirgi zai zo ranar Talata, ya kuwa zo, a shiga lafiya a sauka lafiya. Hayaƙin dai ya samu shiga labarin ne don tare suka zo.

Yanzu kuma bari mu juya ɗaya gefen kwabon. Injin tururi almubazzari ne na gaske. In ka zuba masa shebur goma na kwal, ƙarfin da ke kaiwa ga ƙafafu bai cika na shebur ɗaya ba, sauran duk ya tafi sama a zafi da hayaƙi. Injin dizal yana cin moriyar kusan sulusin man da ya sha. Kowane tan na kwal da aka ƙona yana sakin fiye da tan 2 na iskar kabon, wadda masana suka tabbatar ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya, ga kuma baƙin ƙuri da farar wuta da ke cikin hayaƙin, masu cin huhu da kwanon rufi. Wanda ke son sanin iyakar sharrin hayaƙin kwal ya tambayi mutanen Landan: a watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin kwana biyar, mutum dubu 4 suka mutu a lissafin farko, binciken baya ya ce sun kai dubu 12. Mu Allah ya taimake mu jiragenmu ba su da yawa, ƙasarmu kuma na da faɗi da iska, amma masu zama a barikin reluwe da ma'aikatan rumfar gyaran jirgi sun shaƙi rabonsu.

Sai ƙishirwa. Ruwan da kan jirgi ke sha ya ninka nauyin kwal ɗin da yake ci sau shida ko fiye, shi ya sa kowace babbar tasha take da tankin ruwa a sama, da rijiya ko madatsa ta reluwe. A ƙasar da ake wata bakwai ba ɗigon ruwan sama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma tartsatsi. Wanda ya ƙona bargon kakana shi ne ke faɗawa busasshiyar ciyawa a gefen titi lokacin hunturu, ya ta da gobarar daji, ta cinye kiwo, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba.

Amma babban bashin ba a gefen titi aka ci shi ba, a can inda ake haƙo kwal ɗin ne. Da farko daga Ingila ake kawo shi ta teku. A 1909 aka gano kwal a Udi, aka fara haƙa wajen 1916, shekarar da titin jirgi daga Fatakwal ya iso wurin, garin Inugu kuma a kan wannan kwal ya kafu. Reluwe ce babbar mai sayensa. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan dubu 900 a shekara. Mutane ne ke shiga ƙarƙashin dutse da diga da fitila, cikin ruwa da ƙura, su fito da shi. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a mahaƙar Iva, suka kashe 21, suka raunata 51. Duk wanda ya zauna cikin tarago a Zariya yana jin daɗin tafiya, da gumin waɗannan bayin Allah yake tafiya bai sani ba. An daɗe da rufe mahaƙan, amma ruwa mai tsami da ke tsattsafowa daga ramukan ya ci gaba da gangarawa kogin Ekulu da mutanen Inugu ke amfani da shi.

Haka labarin yake a Jos. An shimfiɗa ɗan siririn titi daga Zariya, ya isa Bukur a 1914, ba don kome ba sai don kwaso kuza. An rufe titin a 1957, amma ɗaruruwan kududdufai da tsibin ƙasa da haƙar kuza ta bari suna nan a Filato, gonaki sun lalace, kududdufan kuma sun sha cin mutane da dabbobi.

Na zo kan gyaɗa, wadda a nan nake son mu ɗan daɗe, domin ita ce ta fi kusa da mu manoma. Turawa sun kawo jirgi Kano ne da tsammanin auduga za ta cika taragu a kai wa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, in ma ciniki ya ƙi ana iya cin ta, sai suka rungume ta tun daga kakar 1912. Daga nan aka samu attajirai irin su Alhasan Ɗantata, aka samu dalar gyaɗa da muke gani a hotuna muna alfahari. To amma mu tambayi kanmu, me ya sa aka tara buhunan har suka zama dala? Dalili shi ne gyaɗar ta fi ƙarfin jirgin; titi ɗaya ne tal, kawunan jirgi da taragu ba su isa ba, sai kaya su yi wata da watanni suna jiran layi. Sa'an nan kowane buhu da ya tafi Turai ya tafi da wani abu na ƙarfin ƙasarmu. An sare daji an faɗaɗa gonaki, an rage barin gona ta huta, an tura makiyaya gefe. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar ta rushe, ta bar ƙasa a gajiye. Ba na cewa jirgi ne ya kawo fari. Ina cewa shi ne ya buɗe ƙofar da dukiyar ƙasa ta riƙa fita da sauri fiye da yadda take komowa.

Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara shigo da kawunan jirgi masu dizal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar kwal ɗin Inugu, ya ƙara gaggauta sauyin, zuwa ƙarshen shekarun 1970 kuwa jirgin kwal ya zama tarihi. A Ingila kanta tun watan Agusta na 1968 suka sallame shi daga aiki.

Da a ce jirgin dizal ne ya gaji na kwal ya ci gaba da aiki yadda ya kamata, da jawabina ya ƙare a nan cikin farin ciki. Abin da ya gaje shi a zahiri shi ne tirela da tanka. Jirgi ɗaya yana jan kayan tirela talatin ko fiye, man da yake sha a kan kowane tan kuma bai wuce sulusin na mota ba, domin ƙarfe a kan ƙarfe ya fi roba a kan kwalta sauƙin gangarawa. Duk wanda ya bi hanyar Kwantagora zuwa Tegina, ko ta Yawuri, ya san abin da manyan motoci suka yi wa kwalta, ya kuma san gidaje nawa suka yi zaman makoki. Wato mun rabu da hayaƙi ɗaya mai tafiya a kan layi, mun samu dubu masu yawo ko'ina.

Ga kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da ba mu ga kwal ba, yau mu ne masu haƙar namu kwal ɗin, sai dai namu a tsaye yake, yana da ganye. Jiya da nake shigowa gida na ga buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran mota. Kirya ce da marke, har da kaɗanya da ɗorawa waɗanda iyayenmu mata ke samun man kaɗe da daddawa daga gare su, waɗanda a da ko mai gona ba ya sare su. Madobiya kuwa 'yan katako sun bi ta daji-daji. Ba na zargin yaron da ya ƙona gawayi don ya biya kuɗin jarrabawa, wataƙila ma yana zaune a cikin ɗakin nan. Amma tsarin ɗaya ne da na Inugu da Jos da Kano: mai jin daɗin wutar yana birni, mai biyan bashin yana ƙauye. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da gwamnati ta ware a matsayin na bakin hamada, mu nan kudancin jihar mu ne ke da sauran itatuwa, shi ya sa motocin suka juyo kanmu.

Wani zai ce, to a bar begen jirgin kwal ke nan? A'a. A Ingila akwai ƙungiyoyin sa kai da suka sayi tsofaffin layuka suna gyara kawunan jirgi, suna ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ranakun hutu. Na farkonsu a yankin Wales ya fara tun 1951. Kwal ɗin da dukkansu ke ƙonawa a shekara bai kai tan dubu 40 ba, abin da ba a bakin kome yake ba in an gwada da na masana'antu. Abin dariya ma, da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a 2023, wadda ita ce ke ba su kwal mai kyau, sai ga ƙasar da ta koya wa duniya ƙona kwal tana sayo shi daga waje don wasan yara da tsofaffi. Indiya ma ta adana ɗan jirgin Darjeeling, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Mu namu fa? Akwai gidan tarihin reluwe a Ebute Metta, akwai ragowar jirgin kuza a Jos. Wata tafiyar aiki da na yi Minna na tsaya a tasha na ga ɗan kan jirgin nan na Wushishi, na farko a Arewa, a ajiye. Ƙanƙane ne ƙwarai, na yi mamakin yadda abu kamar wannan ya juya tarihin ƙasa guda. Da za a gyara guda ɗaya a riƙa hura masa wuta ranar sallah ko kirsimeti tsakanin Minna da Zungeru, ni ne zan fara sayen tikiti, hayaƙinsa na yini ɗaya ba zai kai na janaretocin layi ɗaya a Abuja ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce zamanin ne ya kamata ya dawo. Titin muke so ya dawo, ba murhun ba. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Ibadan a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. A 2023 jirgi mai aiki da lantarki ya fara ɗaukar mutane a cikin birnin Ikko. Na hau na Kaduna, na ji daɗinsa, ko da yake harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 ya tuna mana cewa titi ba ya tsare kansa. Har yanzu dai in ka buɗe taswira babu layin da ya nufo Zuru, alhali dawarmu da shinkafar jiharmu kaya ne irin na jirgi, ga kuma madatsar Kainji, mai ba da lantarki tun 1968, nan kusa da mu. Cikinmu akwai manyan sojoji da 'yan majalisa da manyan sakatarori, na ga wasunsu a sahun gaba. Maganar tana hannunku, ranku ya daɗe.

Ina da roƙo biyu ga Ƙungiya, Shugaba, kuma ba masu tsada ba ne. Na farko, a ɗauki nauyin mota guda ta kai 'yan ajin ƙarshe Zungeru da Minna su ga tasha da gada da ɗan jirgin nan, malamin kimiyya ya bayyana musu aikin tururi a gabansa. Kafin nan kuma a tura su gida-gida da wayoyinsu su ɗauki muryar tsofaffin sojoji da 'yan kasuwar da suka hau jirgin kwal, domin kowace shekara raguwa suke yi. Ni ban ɗauki ta kakana ba, bargon ma an neme shi an rasa bayan rasuwarsa. Na biyu, filin nan da ke bayan ɗakunan kwana, wanda a zamaninmu kurmi ne har muna tsoron shiga da dare, na ga ya zama fili fetal. A raba shi tsakanin rukunin shekaru, kowane rukuni ya dasa kaɗanya da ɗorawa da kirya, ya kuma biya mai ban ruwa da shinge har su fi ƙarfin awaki. Abokan ajinmu mun tattauna daren jiya, mun ɗauki nauyin tsiro 200 a daminar da ke tafe, Ma'aji zai ji daga gare mu kafin a watse.

 Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.